Kifin da Ba Shi da Hawan Jini

Ni ne mutumin da ya ɗauki likita a aljihu daga Mubi har Garwa, ya dawo babu shi. Gara in faɗa da bakina, don na san abokina Zira ya riga ya buga wa rabin mutanen kasuwar shanu waya, kuma a bakinsa labarin ya yi ƙiba. Tun da na dawo ba ni da sakat. A rumfar mai shayi, a bakin masallaci, har ina tsakiyar ciniki sai wani ya ja mini hannun riga: “Bappa Sali, yaya Kamaru? Da gaske ne wai kifi ya ba ka kunya?” To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Wanda ya ga baƙi ya karkace ya yi haƙuri. A aji uku ni da boko muka yi sallama, kuma babu wanda ya yi kewar wani.

Likitan da nake magana manhaja ce ta waya. Wani ɗan Barno da na yi wa dillancin bijimai ya saka mini ita, a matsayin tukwici. Da aka buɗe ta sai ta ce tana son ganin hotunana da lambobin mutanena, na ce ta gani, ba abin kunya a ciki sai hoton shanu. Aikinta ɗaya: ka ɗora babban yatsa a kan gilashin waya, wani layi ya yi ta rawa, sai ta yi ƙara ta nuna kore. Kore yana nufin jininka bai hau ba. Kafin ta nuna, takan ɗan tallata maganin rage tumbi da wani wanda ba zan ambata ba saboda jikokina sun iya karatu. Cikin ɗan lokaci na zama likitan kasuwa. Na gwada Fulani, na gwada mahauta, na gwada masu lodin tirela. Kowa kore.

Matata, wadda yara ke kira Dada har ni ma na bi sahunsu, asibiti sun daɗe da ce mata tana da hawan jini, sun ɗora ta a kan ƙwaya kullum. Ba ta son ƙwayar nan, ta ce tana sa ta zaryar bayan gida kamar mai sabon ciki. Na gwada ta, kore. Washegari kore. Sai na gyara zama na ce, “Dada, kin warke.” Ta ce, “To, Malam,” ta zuba ƙwayoyin a wata tsohuwar kwalla ta rufe. Ita kaɗai ke kirana Malam a duniyar nan, ban san abin da ta gani ba. Kuma Dada mace ce mai amsa ɗaya. Ka tambaye ta yaya jiki, ko tana riƙe da bango ne, sai ta ce lafiya lau.

Ana haka sai autarmu, da ke aure a Garwa, ta haifi ɗa namiji. Muka shirya.

Kayan Dada su suka fara jawo mana magana a tasha. Akwai yaji, akwai kuka, akwai man shanu, ga buhun gero da ƙanenta ya aiko daga gonarsa ta Digil. Direba ya dubi kayan ya ce, “Baba, barka za ku ko ƙaura?” Na ce ya tambayi mai kayan, ni ma fasinja ne. Hanyar Sahuda, garin bakin iyaka, kuwa kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Abin da kawai zan ce, man shanun da muka ɗauko a daskare, a narke ya isa iyaka, kuma rabinsa a jikin babbar rigata.

Daga ɓangarenmu muka hau acaɓa zuwa Bukula, inda ake duba takardun masu shiga. Wani jandarma dogo, baƙi, mai gashin baki kamar an zana da biro, ya karɓi katunanmu. Ya yi mini Faransanci, na yi masa murmushi. Ya ƙara, na ƙara. Da ya ga murmushina ba zai ƙare ba sai ya juya Fillanci, nan take muka zama 'yan gida ɗaya. Wannan abu ya burge ni da Kamaru ta Arewa: Fillanci ya fi katin ɗan ƙasa aiki. Ya tambayi sana'ata. Na ce dillalin shanu, amma ina taɓa likitanci. Ya ɗaga gira. Na zaro waya na ce ya kawo yatsa. Layi ya yi rawa, tallar rage tumbi ta wuce, kore ya fito.

Ya ce, “Ikon Allah. Ni da likita ya hana ni gishiri.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ka koma wa gishirinka.”

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya miƙo katunan ya ce, “Baaba, kada ka bar aikin shanu.” Ni kuma na ɗauka yabo ne.

Motar da muka shiga daga Bukula zuwa Gider, a nan na gane cewa direbobinmu na Mubi masu tausayi ne. Har kujerar direba akwai fasinja, shi direban yana tuƙi a karkace kamar mai leƙen katanga. Amma mutanen suna da wata ɗabi'a mai kyau. Duk wanda zai shiga mota sai ya ba kowa hannu, ɗaya bayan ɗaya, har yara. Mu a gida sallama ɗaya ta wadatar da mota guda. Wani dattijo ya shigo da burodi dogo kamar sandar makiyayi a hammata, ba leda ba takarda. Na yi ta kallon burodin nan ina tausaya wa wanda zai ci. Can sai ya karya ya miƙo mini. Na ci. Allah ya gani, ya fi namu daɗi.

A wani mayo, wato rafi, inda ruwa ya janye ya bar yashi, motar ta kafe. Maza muka fito turi. Ni na ɗora hannu ɗaya a jikin mota ina ba da umarni, don kowane aiki yana son shugaba. Da na waiga sai na hangi Dada zaune a gindin wata tsamiya, ta kama ƙeyarta da hannu biyu. Na je na ce, “Yaya dai?”

Ta ce, “Lafiya lau. Ƙeyata ce ke ɗan sarawa. Kuma mutanen can dishi-dishi nake ganinsu.”

Na zaro likita. Kore. Na ce, “Rana ce. Sha ruwa.” Ta sha, muka ci gaba.

A Gider muka sauka gidan Zira. Shi mutumin Michika ne, Kirista, tare muka yi ƙuruciya a Mubi kafin fataucin yadi ya zaunar da shi can. Tun muna samari ba mu taɓa haɗuwa ba sai mun zagi juna, kuma duk wanda ya shiga tsakani shi za mu haɗu mu cinye. Yana ganina ya ce, “Ɓarawon shanu ya tsallako iyaka, a ɗaure awaki.” Na ce, “Mai awon yadi da gajeren hannu, har yanzu ba su kama ka ba?” Matarsa, Madam Saratu, ta fitar mana da sabuwar tabarma da buta, ta nuna mana gabas tun kafin mu tambaya. Ta yi tuwon dawa da miyar yakuwa, wadda su ke kira folere, da nama har ya fi miyar yawa. Na ci kamar ba ni da gida. Dada ta ɗan taɓa ta ture. Madam Saratu ta ce, “Yaya, ko miyar ce ba ta yi ba?” Dada ta ce miya ta yi, zuciyarta ce ke ɗan tashi, gajiyar mota ce.

Bayan cin abinci na buɗe asibiti a tsakar gida. Zira kore, Madam Saratu kore, maƙwabcinsu da ya shigo aron fartanya shi ma kore. Zira ya karɓi wayar yana juya ta kamar yadin da yake zargin jabu ne.

Ya ce, “Sali, wannan likitan naka ya taɓa ce wa wani ba shi da lafiya?”

Na ce, “Masu lafiya nake gwadawa.”

“To wa ya tsaya masa?”

“Kamar yaya?”

“Kai ba dillali ba ne? In baƙo ya kawo sa kasuwarku, ba sai wani sananne ya tsaya masa ake saye ba? Shi wannan wa ya tsaya masa?”

Na ce masa hassada ce ke damunsa, don shi wayarsa ko hoto ba ta ɗauka. Muka yi dariya aka bar maganar.

Washegari muka shiga Garwa. Zafin garin nan, in ka fito da ɗanyen ƙwai ka tsaya gaisuwa, sai dai ka nemi gishiri. Babura sun fi mutane yawa, har mata na tuƙawa da jaka a kafaɗa. Surukina Umaru ya tarbe mu, ya ba mu ɗaki mai fanka. Jariri kuwa, kowa ya ce kunnuwana ya ɗauko, na ce Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Wata al'adarsu da na so in sato: da rana ta take, gari sai ya yi tsit. Masu shago su ja ƙofa, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Mu a Mubi lokacin ne ma ciniki ke zafi.

A nan na tarar Auta ma tana da nata likitan wayar. Ƙaramin asibitin unguwa inda ta haihu su suka saka mata. Kowace safiya wayar takan yi magana da muryar mace, cikin Fillanci, ta tambaye ta yaya kai, yaya ido, yaya jini, ga hotuna, sai ta taɓa wanda ya dace. Amma ba ta gwada hawan jini da kanta. Sai Auta ta je gidan wata maƙwabciya da asibiti suka ajiye wa abin awo, irin mai ɗaure dantse, a gwada ta, sannan ta gaya wa wayar abin da ya nuna.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, “Wane irin likita ne sai an gaya masa? Nawa yatsa kawai yake so.” Na karɓa na tambaye ta maganin gwiwata da ke ƙara in na tashi daga sujada. Muryar ta ce wannan ba ta san shi ba, in je asibiti a duba ni. Na ce, “Kin ji ko, Auta? Da bakinta ta ce ba ta sani ba.” Auta ta ce, “Baba, ai gara ta faɗa.” Na ce yaran yanzu ba su san kaya mai kyau ba.

Ranar da abin ya faru, Umaru ya kawo gasasshen kifi daga bakin kogin Binuwai, manya, an barbaɗe su da yaji. Muka ci aka rage ɗaya a faranti. Gari ya yi tsit yadda ya saba. Auta da jariri suka yi barci, Dada ta kishingiɗa a tabarma ta rufe ido da mayafi. Ni barcin rana bai karɓe ni ba, ga wayar Auta a kan kujera. Shaiɗan ya ce mini, gwada ta mana, ka ga ko za ta gane ƙarya.

Na buɗe. Muryar ta ce, kanki yana ciwo? Na taɓa e. Ta ce ina? Na rasa abin da zan ƙirƙira, sai na tuna maganar Dada a bakin mayo, na taɓa hoton ƙeya. Ta ce idonki fa? Na taɓa dishi-dishi. Ta ce zuciyarki na tashi? Na tuna tuwon Madam Saratu, na taɓa e. Ina jiran ta tallata mini magani in kama ta.

Ba ta tallata komai ba. Gilashin ya koma ja. Muryar ta ce ba za ta iya sanin abin da ke damuna daga nan ba, amma waɗannan alamu ba na jira ba ne, in tafi asibiti yanzu, kuma wani zai kira ni. Kafin in gama mamaki wayar ta fara ruri. Na kashe. Ta sake. Na kashe. Da ta yi na uku sai na cusa ta ƙarƙashin matashin kujera na zauna a kai, na ɗauko carbi.

Ban yi nisa da jan carbin ba na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Wata gajeriyar mace kakkaura ta shigo da farar riga da hular kwano a kai, sallamar ma a guje ta yi ta. Madam Marta ke nan, ungozomar asibitin. Ta wuce ni kamar turmi, ta tashi Auta, ta ɗaura mata abin awo, ta buɗe mata ido ta duba, ta latsa ƙafafunta. Auta sai rarraba ido take. Madam Marta ta ce, “Ke lafiyarki ƙalau. Wa ya taɓa wayarki?”

Matashin da ke ƙarƙashina ya zaɓi wannan lokacin ya sake ruri.

Ta cire hular kwano ta dube ni. Ta ce, “Baaba, mata na baro a layi, ɗaya ma naƙuda take.” Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ce wasa nake, ina gwada wayar ne. Ta fara naɗe abin awonta, sai kuma ta tsaya.

Ta ce, “Masu yi mana wasa ciwon ciki suke cewa, ko zazzaɓi. Kai ka ce ƙeya, ka ce ido, ka ce tashin zuciya. Waɗannan tare suke tafiya. A ina ka samo su?”

Idona ya riga bakina. Ta bi inda na duba. Dada ta yaye mayafi ta ce, “Ni lafiya lau nake, 'yar nan.”

Madam Marta ta ce, “Na ji, Dada. Kawo hannun dai in gaisa da shi.” Ta gwada dama. Ta koma ta gwada hagu. Ta tambaya ko tana shan magani. Dada ta ce da tana sha, amma ta warke. Ta ce wa ya ce kin warke? Dada, Allah ya saka mata, ba ta nuna ni ba. Ni na tona kaina. Na zaro wayata na ɗora yatsan Dada, kore ya fito, na miƙa mata da ƙarfin hali na ce, “Ga shi, Madam.”

Ta karɓa. Ta duba hagu ta duba dama, ta jawo farantin nan, ta kama kifin da ya rage ta manna gefensa a kan gilashin. Layi ya yi rawa. Tallar rage tumbi ta wuce. Kore.

Ta ce, “Kifinku ba shi da hawan jini. Dada kuma tana da shi, irin wanda ke kayar da mutum ya shanye masa rabin jiki. A nemo mota, ba za ta hau babur ba.”

Kwanakin da Dada ta yi a asibitin, ni a kan benci na yi su. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi. Ban iya cin kifi ba har muka bar garin. Amma zaman bencin ya sa na ga aikin mutanen nan, kuma na sara musu. Akwai wata ma'aikaciya da ba ta da aiki sai kallon saƙonnin da wayoyin masu jego ke turowa. In ja ya fito ta kira. In ba a ɗauka ba, babur ya tashi. Ashe muryar da na raina, mutane ne tsaye a bayanta da takalmansu a ƙafa.

Da Madam Marta ta huce, har takan zauna kusa da ni ta sha ruwa. Na tambaye ta yadda aka yi suka yarda da tasu manhajar. Ta ce ba a rana ɗaya ba. An kawo musu wasu kafin ita, suka yi ta gwada su da marasa lafiyar da suka riga suka san ciwonsu, har ƙarya suka riƙa yi musu da gangan, irin tawa. Wata ta ce wa kowa lafiya. Wata ta ce wa kowa mutuwa zai yi, sannan ta nuna inda ake sayar da magani. Wannan ce kaɗai in abu ya fi ƙarfinta take cewa ba ta sani ba, ta tura mutum wurinsu. Ta buɗe mini ta Auta ta nuna mini: ga sunan asibitin a fuskar farko, ga lambar da za a kira, ga sunan likitan da ya duba tambayoyin. Ta ce kafin a saka wa Auta sai da aka zaunar da ita aka gaya mata su wa za su ga amsoshinta, kuma ko mijinta ba ya gani sai ta yarda. Sannan ta ce, “Taka fa, Baaba, me ta nema a wurinka?” Na ce hotuna da lambobin mutane. Ta ce, “Me awon jini zai yi da lambar surukinka?”

A nan maganar Zira ta dawo mini. Na tsufa a kasuwar shanu, ban taɓa bari an sayi ko ɗan maraƙi daga hannun baƙo ba sai na san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ya zamo na sata ko mai ciwo. Na ba Auta wayata na ce ta nemo mini ƙofar wannan likitan. Ta duba sama ta duba ƙasa. Babu suna, babu gari, babu lamba. Na ce ta cire shi. Ta ce, “Baba, ka tabbata? Mutanen kasuwa fa?” Na ce ta cire kafin in sa kifi ya cire shi.

Da Dada ta samu sauƙi aka sallame ta da sabuwar ƙwaya, wadda ba ta sa zarya sosai, da sharaɗin ta riƙa zuwa awo a asibitinmu na gida. Umaru ya saya mata abin awo mai ɗaure dantse, Madam Marta ta koya mini ɗaura shi, ta ce tunda ina son likitanci ga na gaske. Da za mu rabu na ba ta hannu irin na mutanen ƙasar, ta ce in gaishe da shanu.

A Gider, Zira ya yi dariya har sai da Madam Saratu ta kawo masa ruwa. Ya ce daga yau sunana Likitan Kifi. A Bukula na nemi jandarman nan ban same shi ba, sai na bar saƙo wurin abokin aikinsa, a gaya wa mai gashin baki ya bar gishirin nan, dillalin shanu ne ya ce.

Daga Sahuda zuwa gida bakina bai huta ba. Na zagi manhajar, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi ɗan Barnon da bijimansa. Na ce maƙaryaciya ce, ta kusa kashe mini mata. Dada tana jina, tana riƙe da ledar maganinta a cinya, har muka fara hango rufin gidajen Mubi. Sannan ta yi magana a hankali, yadda direba ma bai ji ba.

Ta ce, “Ka bar zagin waya, Malam. Abin da nake gaya maka kullum shi ta gaya maka: lafiya lau. Ni ma ai ba ka taɓa sake tambayata ba.”